Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Karatunmu a kan Guido Gezelle

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi. Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu karatu, Hausawa mazauna Beljiyam, ta yi a wannan shekara.

A taron farkon shekara aka amince mu tsaya a kan marubuci ɗaya daga wannan ƙasa da muke zaune a cikinta, maimakon tsalle daga littafi zuwa littafi kamar bara. Aka zaɓi Guido Gezelle, mawaƙin yankin Flanders (arewacin Beljiyam, inda ake magana da Holanci), wanda a bana ya cika shekara 125 da rasuwa. Wasu sun so a ɗauki marubucin zamani, kuma suna da hujja, domin harshen Gezelle yana ba 'yan ƙasa ma wahala. Amma a ganina zaɓin ya biya.

Zaman farko-farko mun yi su ne a kan tarihinsa. An haife shi a birnin Brugge ranar 1 ga Mayu 1830, shekarar da Beljiyam ta ɓalle daga Holan. Mahaifinsa mai aikin lambu ne, kuma duk wanda ya karanta waƙoƙinsa zai ga ɗan lambu a cikinsu: itatuwa, tsuntsaye, ƙwari, iska. Ya zama limamin Katolika a 1854, ya koyar a makarantar horar da limamai ta Roeselare. A 1858 ya fitar da littafinsa Kerkhofblommen, wanda ya rubuta kan jana'izar wani ɗalibinsa. A 1860 aka mayar da shi Brugge, inda ya tsunduma cikin aikin jarida da rigingimun siyasa, har a 1872 aka tura shi Kortrijk. Can ya yi kusan sauran rayuwarsa, can kuma manyan kundayen waƙoƙinsa na tsufa suka fito, Tijdkrans a 1893 da Rijmsnoer a 1897. Ya koma Brugge a 1899, ya rasu ranar 27 ga Nuwamba na waccan shekarar.

Abin da ya fi jan hankalin membobi shi ne tsayuwarsa a kan harshe. A zamaninsa Faransanci ne harshen gwamnati da kotu da manyan makarantu, harshen mutanen Flanders kuwa an bar wa manoma da 'yan aikin gida. Sai a 1898 doka ta daidaita harsunan biyu wajen buga dokokin ƙasa. Gezelle bai tsaya ga Holancin littafi ba, ya ɗebo karin harshen yammacin Flanders da ya ji a bakin iyayensa ya zuba cikin waƙa, masu suka suka yi ta yi masa gori. Ya riƙa rubuta kalmomin da ya ji a ƙananan takardu, har suka kai dubbai masu yawa, kuma daga 1881 ya riƙa buga wata mujalla, Loquela, don wannan aiki kaɗai. 'Yan uwanmu da suka yi makaranta a Nijar sun ce babu buƙatar a yi musu dogon bayani kan wannan hali.

Kwamitin fassara ya kammala waƙa ɗaya, Het Schrijverke. A cikinta mawaƙin yana tambayar wani ƙwaro da ke zagaye a kan ruwa abin da yake rubutawa, ƙwaron ya amsa cewa sunan Allah mai tsarki yake rubutawa. Da aka karanta ta da Hausa, dattawanmu da ba su cika magana a zama ba su ne suka nemi a maimaita. Sauran waƙoƙin da aka fara suna nan ba a gama ba, saboda ƙarfinsu yana cikin sauti da kari, kuma kwamitin bai yarda ya miƙa aikin da ba ya waƙuwa ba. Na goyi bayansu.

Da bazara muka je Brugge da iyalai, muka ga gidan da aka haife shi a titin Rolweg da lambun da ke bayansa. Yara sun fi manya jin daɗin tafiyar.

Daga wannan karatu ne shawarar da na fi so ku duba ta fito. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna jin Hausa, amma da Holanci ko Faransanci suke amsa mana. Sashen mata ya riga ya fara tattara kalmomin girki, na reno, da karin magana daga bakin iyayenmu, ana ɗauka a waya ana rubutawa. Muna neman babban taro ya amince wannan ya zama aikin ƙungiya na baɗi, a kuma ba matasa ragamarsa.

Halarta ta ragu a watannin sanyi, kuma kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a taro. Wanda ake binsa, don Allah ya biya kafin ranar.

Sakataren ƙungiya