A rubuta kitson kakanninmu tun masu iya shi suna raye

Edita,

Assalamu alaikum. Ni makitsiya ce a Zariya, a hannun ƙanwar kakata na koyi sana'ar, kuma da wannan sana'a na aurar da 'ya'yana. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan kitso, don na ga jaridu ba sa tuna shi sai sallah ta ƙarato, shi ma hoton yara kawai ake bugawa a wuce.

Abin da ke damuna shi ne kitson gargajiya yana ƙarewa tare da tsofaffin da suka iya shi. A unguwarmu yanzu da wuya ka sami mai iya doka, wadda ake naɗa tsumma a ɗora tsakiyar kai, a kwantar da gashi a kansa har ya tashi tun daga goshi zuwa ƙeya. Na ga ana yin ta ina yarinya. Matar za ta kwanta a tabarma ta ɗora kai a cinyar makitsiya, ita kuma ta lakaci man shanu ta ajiye a bayan hannunta na hagu, tana tsaga da tsinke tana shafawa layi bayan layi, hira na tafiya har la'asar ta yi sanyi. A wannan zaman ake jin wadda aka sa wa rana da wadda ta yi yaji. Yau in na ce wa yarinya doka sai ta yi mini kallon ban gane ba. Zane da shuku da kalaba su ne suka rage a bakin mutane.

Kuma kitso a da yana faɗin matsayin mace. A Barno, yarinyar da ba ta yi aure ba kilayasku ake mata, sai ta shiga ɗaki ta koma irin su goto da shangalti. Matan Fulani suna saƙa azurfa da duwatsun ado a cikin nasu, a wajen Wodaɓe ma har samari suna kitso. Abin ya daɗe ƙwarai: gumakan yumɓun Nok da aka fara tonowa a kudancin Kaduna a 1928, waɗanda suka haura shekara 2,000, da gyaran gashinsu aka ƙera su. Ko a addini kitso yana da gurbi. Ummu Salama ta tambayi Manzon Allah (SAW) ko sai ta tsefe kitsonta in za ta yi wankan janaba, ya ce a'a, ta kamfaci ruwa sau uku ta zuba a kai ya wadatar.

Kwanaki wata budurwa ta miƙo mini waya da hoton wata mawaƙiyar Amurka, ta ce, "Inna, irin wannan nake so, sabon yayi ne." Na duba, kitson Fulani ne, da layin tsakiya da jelar nan biyu da ke saukowa ta gaban kunne. Ban ga laifinta ba, ba wanda ya taɓa nuna mata nata ne. A can kuwa sai da jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019 kafin a hana korar baƙar fata daga aiki ko makaranta saboda irin gashinta da kitsonta.

Mu makitsa ma da namu. Gasar wa ya fi ƙananan kitso ta sa ana ja wa yara gashi har fatar goshi ta ɗaga, ƙuraje su feso a gefen kai, yarinya ta kasa kwanciya daren sallah. In aka daɗe ana haka gashin gaba zubewa yake, wani ba ya sake tsirowa. Ƙanwar kakata in ta ga an matse wa yarinya kai, tsefewa take a take, ko uwar ta yi fushi.

Ga roƙona. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar hotunan kitso a 1968, ya tara kusan 1,000 kafin rasuwarsa a 2014, yana rubuta sunan kitson da inda ya same shi. Mafi yawa ta baya ko ta gefe ya ɗauka. Mu ma za mu iya yin haka ba tare da an keta suturar kowa ba: a yi kitson a kan ƙananan yara, ko a kan kan roba irin na masu koyon gyaran gashi, mace ta ɗauki hoton, a rubuta suna da gari da lokacin da ake yin sa, na amarya ne ko na mai jego ko na budurwa. Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna sun dace su adana irin wannan aiki.

Jaridarku tana da wakilai mata. A tura su lungunan Zariya da Katsina da Sakkwato da Maiduguri su zauna da tsofaffin makitsa, a riƙa buga kitso ɗaya kowane mako da sunan wadda ta yi shi. In an zo Zariya zan raka su gidajen da na sani, da tsinkena da matajina.

Wassalam.

Wata makitsiya,
Zariya, Jihar Kaduna