Littafin da ba a gani ba, wa zai saya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato, bana shekarata 14 a aji. Tambayar wata ɗalibata ce ta sa na rubuto. Muna darasi kan duniyoyin da ke kewaya rana, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai babu wani labari da Hausa da aka je irin waɗannan wurare?" Na ce akwai, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, tun 1969. Ta ce ina za ta same shi? Na zaga masu sayar da littattafai a babbar kasuwa ban dace ba, na aika cigiya wajen wani abokina a jami'a, da ƙyar ya samo mini fotokwafi, shi ma shafukan ƙarshe sun ɓata. Alhali a wayar yayar yarinyar nan akwai littattafan soyayya fiye da hamsin, babu wanda ta fita ƙofar gida nemansa.

Wannan ya tuna mini da abin da wasu marubutan ƙagaggun labaran kimiyya suka yi a Amurka da Kanada. A 2003 Cory Doctorow ya fitar da littafinsa na ƙagaggen labari na farko. Kamfanin Tor ya buga shi a takarda ana sayarwa, shi kuma ya ɗora shi gaba ɗaya a intanet, kowa ya sauke kyauta. Ya yi hakan ne da lasisin Creative Commons, wato rubutaccen izini da ke cewa ka kwafa, ka tura wa wanda ka ga dama, amma kada ka sayar, kada kuma ka cire sunan mai shi. Hujjarsa ita ce, ga sabon marubuci rashin saninsa ya fi sata illa. Kafin shi ma, kamfanin Baen ya buɗe wani ɗakin karatu na kyauta a intanet, inda sau da yawa ake sa littafi na ɗaya a jerin labari, wanda ya ji daɗi ya nemi sauran da kuɗinsa. Mai kilishi a bakin tasha ya san wannan dabara: sai ya yanko maka ɗanɗano kafin a yi ciniki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Andy Weir, mai tsara manhajar kwamfuta. Babi-babi ya riƙa sa labarinsa na mutumin da aka bari shi kaɗai a duniyar Mas a shafinsa, masu karatu suna gyara masa lissafi idan ya kuskure. Su da kansu suka roƙe shi ya sa a Kindle, wato dandalin kamfanin Amazon na sayar da littattafai ta intanet, ya sa masa farashi mafi ƙanƙanta da aka yarda, senti 99. Abin da ake samu kyauta, mutane suka yi ta saye. A 2014 aka buga shi a takarda, a 2015 ya zama fim. A matsayina na malami, gyaran lissafin nan ya fi fim ɗin burge ni, domin marubuci ya samu masu karatu da suka ɗauki aikinsa kamar nasu.

Ba kowa ya yarda ba. A 2007 mataimakin shugaban ƙungiyar marubutan irin waɗannan labarai ta Amurka, Howard Hendrix, ya soki masu ba da aikinsu kyauta, yana ganin suna karya wa 'yan'uwansu kasuwa. Ban raina wannan ƙorafi ba, don a wajenmu ya fi ƙarfi. Doctorow yana da kamfanin da ke kai littafinsa shaguna, kyautar tana yi masa talla. Marubuciyarmu kuwa a waya take bugawa da babban yatsa, bayan ta sauke tukunya ta kwantar da yara, da datar da ta saya da kuɗinta. 'Yan ɗaruruwan nairorin da ake turo mata don shiga zauren WhatsApp su ne ladanta. Kafin gari ya waye wani ya kwashe ya baza, wani ma ya karanta a YouTube yana cin kuɗi bai ko yi mata sallama ba. Wannan sata ce, kada wani ya fake da wasiƙata ya kira ta kyauta. Kyauta sai mai abu ya miƙa da hannunsa, ya kuma faɗi sharaɗinsa.

Mu Sakkwatawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello ba su da maɗaba'a. Almajirai ne suka kwafi littattafansu da tawada da alƙalamin kara, wannan ya ara wa wancan, har suka kai garuruwan da mawallafan ba su taɓa takawa ba. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi, jajis, wato jagororin 'Yan Taru, ƙungiyarta ta ilmantar da mata, suka haddace suka kai wa mata a ƙauyuka. Wanda ya taɓa duba tsofaffin takardun da ke ajiye a cibiyar Waziri Junaidu ya san mai kwafi yakan ambaci mawallafi ya yi masa addu'a. Kwafi ne ya raya ilimin, amana kuma ta tsare sunan mai shi. Lasisin da na ambata ƙoƙari ne na rubuta irin wannan amana a takarda.

Ni ma na rubuta wani labari, shekara uku ina fama da shi a lokutan hutu. Sakkwato ce bayan shekara 100. Zafin bazara ya kai mutane sun koma gina ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, ana raba ruwan madatsar Goronyo da awo, wata yarinya 'yar Mabera mai gyaran farantan sola ta gano ana karkatar da kason unguwarsu. Na tambayi kuɗin bugawa a wata maɗaba'a, abin da aka faɗa mini ya fi albashina na wata uku, kuma na san kwalayen a ƙarƙashin gado za su kwana. Don haka na yanke shawarar bayar da shi kyauta, a ƙaramin PDF da ba zai ci data ba, da sharaɗi biyu a shafin farko: kada a sayar, kada a goge sunana. In ya karɓu, na biyu zan sa masa kuɗi. Ban ce kowa ya bi ni ba, ni ina da albashi. Mai ci da alƙalaminsa shi ya san abin da zai iya saki, ko da babi uku na farko ne.

Roƙona gare ka, Edita, ka ware ko rabin shafi ne a mako don irin waɗannan labarai da Hausa, kamar yadda mujallar Omenana ke fitar da na marubutan Afirka kyauta a intanet tun 2014. Ina kuma kira ga kamfanonin ɗab'i da magadan tsofaffin marubutanmu: littafin da aka daina bugawa ba ya kawo wa kowa sisi, ku zauna ku yarda a ɗora shi da izini, da sunan mai shi a kai. Ɗalibata ta karanta fotokwafin nan cikin kwana biyu, ta dawo tana tambayata yadda labarin ya ƙare. Har yau ina cigiyar shafukan.

Wassalam,
Wani malamin kimiyya,
Mabera, Sakkwato.