Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Gyara Filin Gudun 'Yan Matanmu

Assalamu alaikum iyaye, 'yan uwa da tsofaffin ɗalibai. Wannan saƙo ne daga kwamitin iyaye da malamai na makarantar 'yan matanmu da ke Unguwar Rogo, nan Jos.

Don Allah duk wanda ya samu lokaci ya leƙo bayan azuzuwa ya ga yadda filin wasanni ya koma. Ruwan watan Agusta ya zaizaye shi, kwari ya ratsa ta tsakiya har duwatsu sun fito, katangar gabas ta faɗi, yanzu awaki da masu babur nan suke yanke hanya, ga fasassun kwalabe da leda ko'ina. Yaran nan da silifas suke gudu, wasu ma ƙafa ba takalmi, kwanan nan wata 'yar aji biyu kwalba ta yanke ta a tafin ƙafa sai da aka yi mata ɗinki. Kuma tunda ba katanga iyaye da yawa sun ce 'ya'yansu ba za su ƙara fita gudu samari na tsaye suna kallo ba, gaskiyarsu ne wallahi, mu ma ba za mu yarda ba.

Amma fa muna da yara masu ƙafa! Malamar wasanni kullum tana ba su labarin Mary Onyali, 'yar Najeriya da ta je gasar Olamfik sau 5 a jere, daga 1988 har 2004. A Basalona 1992 ita da Beatrice Utondu da Faith Idehen da Christy Opara suka ciyo tagulla a gudun miƙa sanda na mita 100 sau 4, ku nemi hoton ku ga yadda suke tsalle suna ihun murna da suka ga sakamako a allo. A Atlanta 1996 ta sake ɗauko tagulla ita kaɗai a mita 200, sannan a 2003 nan kusa da mu a Abuja ta lashe zinare a wasannin Afirka tana da shekara 35, lokacin da sa'o'inta sun daɗe da ajiye takalmi. Gudun nan ne ya kai ta jami'a a Texas ta Amurka ta yi karatu. Abin da muke hango wa namu ke nan, ilimi da lafiyar jiki, cikin sutura da mutunci.

Masu cewa gudu ba na mace ba ne, ai Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta riga shi, daga baya shi ma ya riga ta. Mu dai abin da muke nema a kange musu wuri.

Ba za mu manta da wani bawan Allah ɗan kasuwar Taminus ba, bara ya aiko da siminti ya ce kar a ambaci sunansa, da wata gwaggo mai ƙosai a bakin get da ta kawo abin da ta tara a ɗaure cikin gefen zani, Allah ya saka musu da Aljanna. Amma gaskiya ranar ƙaddamarwa an yi alkawura da yawa a lasifika, an tafa, an ɗauki hoto, har yau shiru kake ji. Alhazai, ba gori muke yi ba, alkawari kaya ne. Abin da ake kashewa a anko na biki ɗaya ya isa ya sayo bulo mai yawa, kuma 'ya'yan nan namu ne gaba ɗaya.

Abin da ya shigo bara ya tafi a harsashin katanga, ma'aji na da rasit ga mai son gani. Saura bulo, yashi, tifar jan ƙasa don cike kwarin, kuɗin magina, sai kambas da dogayen wanduna da hijabin wasanni ga marayun cikinsu. Muna so a gama kafin gasar gidaje ta zango mai zuwa, in an bari wata damina ta same shi a haka harsashin ma zai tafi.

Ko buhu ɗaya ne, ko bulo biyar, ko magini ne kai ka ba mu yini guda, a kawo ofishin shugabar makaranta ko a ga ma'aji bayan sallar Juma'a. A tura wa sauran guruf-guruf don Allah. Allah ya sa a mizani, amin.

Kwamitin Iyaye da Malamai