Godiya ga Mai Shagon Kwamfuta a Titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum Alhaji,

Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na ga gara in yi wannan godiya a bainar jama'a.

Na shigo shagonku neman laftof ta hannu saboda 'yata da ta samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero. Idona ya faɗa kan wata HP EliteBook 840 G3, fes da ita, ga sitikar Core i7, wato nau'in ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana ƙyalli. Da kun yi shiru da ita zan tafi, kuma ita ce mai tsada. Sai kuka ce in dakata. Kuka nuna min cewa ƙwaƙwalwarta zubi na shida ce, alhali Windows 11 daga zubi na takwas take karɓa, ita kuwa Windows 10 Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba, 2025. Kuka ɗauko min EliteBook 840 G5 mai Core i5 zubi na takwas, wadda gefenta ya ɗan goge, kuka ce wannan za ta kai yarinya har ta kammala. Wallahi wannan magana ta zauna min a rai, domin ribarku kuka rage da bakinku.

Yaronku ma ya cancanci yabo. Ya zare caja a gabana, ya fito da rahoton batir, ya sa yatsa kan layi biyu: abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da abin da yake iya ɗauka yanzu. Da ya ga tazarar ta yi yawa, ba tare da na roƙa ba ya sauya wani batirin. Ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo muka ga lafiyar ma'adanar bayanai da awannin da ta yi aiki. Ya mayar da sikirin fari fat, sannan baƙi ƙirin, ko akwai tabo. Ya sa na danna madannai ɗaya bayan ɗaya, muka gwada kyamara da kafofin USB, ya kuma shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfutar, don tabbatar babu kalmar sirrin tsohon mai ita.

Rasit ɗin da kuka rubuta ɗauke da lambar jikin na'urar ya kwantar min da hankali ƙwarai, ganin yadda kayan sata ke jefa bayin Allah a hannun hukuma.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a, ya ba yaron nan nasa shagon.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Tarauni