Ruwan Tivoli ba ado ba ne kawai

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina neman ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in ce wani abu kan rubutun da kuka buga game da tsoffin lambunan attajiran Turai, inda marubucin ya kira maɓuɓɓugan ruwan cikinsu almubazzarancin masu hannu da shuni. Akwai gaskiya a maganarsa, amma bai kai ƙarshenta ba.

Mu ɗauki Villa d'Este, wani katafaren gida mai lambu da ke garin Tivoli a ƙasar Italiya, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Rum. Kadinal Ippolito d'Este, wani babban limamin cocin Katolika wanda aka naɗa gwamnan garin a 1550, shi ya sa aka gina shi, mai zanen gine-gine Pirro Ligorio kuma ya tsara lambun. Ba na kare Kadinal ɗin: an rushe gidajen mutane kafin a samu filin, kuma nuna isa ce ta kai shi. To amma ranka ya daɗe, a duba aikin da aka yi. An haƙa hanya ta ƙarƙashin garin, aka jawo ruwan kogin Aniene, aka bar gangaren tudu yana tura shi. Babu injin tura ruwa ko ɗaya, sai nauyin ruwan kansa, kuma da haka ɗaruruwan bakuna ke fesowa.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce maɓuɓɓugar da ke kiɗa. Ruwa ne ke zubowa cikin wani rufaffen ɗaki, ya tura iska cikin bututun busa, wani ruwan kuma ya juya dabarar da ke buɗe su bi da bi, sai sauti ya fito ba tare da hannun kowa ba. A ƙarni na 16 aka yi wannan! Ta daɗe a lalace, sai a 2003 aka sake tayar da ita.

Shi ya sa nake ganin abin gado a nan shi ne ilimin sarrafa ruwan, fiye da gumakan dutse da masu yawon buɗe ido ke ɗauka a hoto. Kuma riƙe shi akwai wahala, domin ruwan Aniene na ɗauke da farar ƙasa mai daskarewa ta toshe bututu. Dole a ci gaba da tacewa da yashewa, dole a samu ma'aikatan da suka san inda kowace hanya ta bi. Hukumar UNESCO ta sa gidan cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, amma takarda ba ta yashe bututu.

Idan za ku sake taɓo wannan batu, don Allah ku nemi injiniyan ruwa ya yi mana bayani, kada a bar shi ga marubutan yawon shaƙatawa kaɗai.

Naku mai karatu, daga Zariya.