Zuwa ga mutumina a Janeba

Assalamu alaikum mutumina, ya sanyin Turai, ya iyali? Mu nan Mubi lafiya lau sai zafi.

Hoton da ka turo min a WhatsApp kana tsaye gaban ginin Majalisar Ɗinkin Duniya na gani, har ka rubuta wai nan ne gidan zaman lafiya. To bari in ɗan taɓa ka. Ginin nan ai ba don ita aka yi shi ba, na tsohuwar majalisar ƙasashe ne wadda ta fara aiki a 1920 bayan yaƙin duniya na ɗaya, shugaban Amurka Wilson shi ya dage a kafa ta a taron sulhu na Basai a Faransa, amma da ya koma gida majalisar dattawansu ta ce atafau ba za su shiga ba. Mai shawarar ma bai zauna ba kenan.

Ni abin da ya fi ci min rai maganar Habasha ce. Mamba ce fa tun 1923, Musolini shugaban Italiya ya afka mata a 1935 har da iskar guba, sai majalisa ta ƙaƙaba wa Italiya takunkumi amma ban da man fetur, mashigin Suwez kuma a buɗe jiragensa na wucewa da sojoji, to wane irin takunkumi ne wannan don Allah? Haile Selasi sarkin Habasha ya zo nan garin naku a 1936 yana kai kuka, 'yan jaridar Italiya suna masa fito da ihu a zauren, ba a jima ba aka ɗage takunkumin gaba ɗaya. Shi ya sa a 1945 da aka zo kafa sabuwa aka ba manyan ƙasashe biyar kujerar naƙi don kada su fice, su kuma suka miƙe ƙafa a kai.

Kuma kada ka ɗauka abin bai shafe mu ba, garin nan namu da Kamarun Jamus ne, tsohuwar majalisar ce ta ba Ingila riƙon amanarmu, sai a ƙuri'ar 1961 kakanninmu suka zaɓi Najeriya aka ce mana Lardin Sardauna. Dattawa har yanzu suna labarin kamfen ɗin.

In ka samu shiga ciki ka ɗauko min hoton zauren taron. Ka gaida madam da yara, Hajiya ma tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka leƙo gida.

Naka har kullum.