Wasiƙa ga 'yata kan yawo tsakanin kurmin fayin da bakin teku

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ji kina shirin fita da jikokina yawo inda kurmin itatuwan fayin, masu siririn ganye kamar allura, ya haɗu da yashin bakin teku, na kuwa yi murna. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ba hawa ba gangara, ɗan shekara biyar da tsohuwa duk za su iya. Sai dai sauƙin nan da sharaɗinsa: ruwan teku ne ke yanka miki lokacin fita, don haka shi za ki fara dubawa kafin ki ɗaura wa kowa takalmi.

A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cika ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50. Daga cikarsa zuwa ƙarshen janyewarsa awa shida ne da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50, saboda haka jadawalin cika da janyewar ruwa na jiya ba zai yi miki aikin yau ba. Ki nemi na ranar, na wannan gaɓar takamaimai. Ki sauka kan yashi kamar awa biyu kafin ruwa ya gama janyewa. Kin ga kina da awa uku zuwa huɗu a kan jiƙaƙƙen yashi mai tauri. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa ruwan ya fi nisa da baya, ya kuma fi haurowa idan ya dawo. A Tekun Baltik da Bahar Rum wannan cika da janyewa kaɗan ne, can iska ce abin lura. A gaɓar Atlantika kuwa ba a wasa da shi.

Abin da ke rutsa mutane shi ne ruwan ba ta gabansu kaɗai yake dawowa ba. Yakan fara bin kwaruruka marasa zurfi da ke tsakanin mai tafiya da tudu, sai mutum ya waiga ya tarar yana kan tsibirin yashi. Duk kwarin da kika tsallaka a bushe, ki sa a ranki shi zai riga cika. Idan kin ga ruwa ya fara kwarara cikinsa, ki tattara yara ki koma ɓangaren tudu nan take.

Yanzu tsarin tafiyar. Ki yi ta zagaye: rabi cikin kurmi, rabi a gaɓa, jimla kilomita huɗu zuwa shida. Ki duba inda iska ke kaɗowa, ki bi gaɓa iska na bayanki, ki yi ɗayan rabin a cikin itatuwa inda suka tare ta. Wanda ya juya wannan tsari zai yi kilomita biyu yashi na dukan idon yaransa. A hanya mai tauri babba yana cin kilomita huɗu a awa, da yara ki lissafa biyu zuwa uku. Busasshen yashi mai laushi kuwa yana cin ƙarfi fiye da ninki biyu na hanya mai tauri, don ƙafa tana nutsewa kafin ta samu abin tokarewa. Shi ya sa sharaɓa da idon sawu ke ciwo washegari. Ki tsallake shi a miƙe, ki isa yashi mai duhu kusa da ruwa. Idan gaɓar ta karkace sosai, ƙafa ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa, ki nemi inda ya fi shimfiɗuwa, don gwiwa ba ta son doguwar tafiya a haka.

Tsakanin kurmi da ruwa akwai tuddan yashi, kuma a nan nake so ki fi tsare yaran. Da yawa daga cikin waɗannan kurmuka dasa su aka yi don su riƙe yashi. A Landes, kudu maso yammacin Faransa, an fara kafe tuddan gaɓa da ciyawa da fayin tun ƙarshen ƙarni na 18, sannan dokar 1857 ta sa aka dashe yankin da ke nesa da gaɓa, har ya zama kurmi mai kusan hekta miliyan ɗaya. A zirin Kuroniya, tsakanin Lituweniya da Rasha, mai tsawon kilomita 98, da aka sare itatuwa yashi ya taso ya binne ƙauyuka, sai a ƙarni na 19 aka shawo kansa da sabon dashe. Tudun Pila kusa da garin Arkashon a Faransa, wanda tsayinsa ya haura mita 100, har yau yana matsawa cikin kurmi yana binne itatuwa. Doguwar ciyawar nan mai kaifi da za ki gani a kan tudu, saiwarta ce ke ɗaure yashin. Tana jure iska da gishiri da binnewa, amma ba ta jure tattaka. Idan ƙafafu suka kashe ta a wuri guda, iska ta samu ƙofa, ƙaramar hanya ta zama rami. Ki bi hanyar katako ko wadda aka yi wa shinge, ko da ta fi nisa. Kada kuma ki bar yara su haƙa rami mai zurfi ko kogo a jikin tudu: busasshen yashi yana ruftawa ba gargaɗi, kuma nauyinsa ya fi ƙarfin yaro.

Da kin fito gaɓa, ki tsaya ki waiga ki gane ƙofar da kika fito, ki ɗauki hotonta. In akwai lamba a jikin sanda ki riƙe ta. Daga bakin ruwa kurmin gaba ɗaya kamar bango ɗaya yake. A ciki ma itatuwan dashe a jere suke, kowace hanya irin 'yar'uwarta, ga shi sabis na waya yakan ɗauke. Ki sauke taswira a wayarki tun a gida.

Cikin kurmi, busassun ganyen fayin masu kamar allura suna da daɗin takawa, amma suna ɓoye saiwoyi, suna kuma santsi a gangara. Takalmi rufaffe da safa ya fi silifa; a zazzage yashi da zarar an bar gaɓa, don yashi da gumi su ke kawo bororo. Ƙaron itacen idan ya manne a hannu, mai ke fitar da shi, sannan sabulu.

Wuta kam, ko ashana kada a kyasta. Ƙaron nan da busassun ganyen suna kamawa nan da nan, iskar teku kuma ta hura. A watan Yulin 2022 gobara ta cinye kusan hekta 7,000 na kurmin da ke bayan Tudun Pila. Idan hukuma ta rufe kurmi saboda fari, ki haƙura. Haka ranar guguwa: itacen da ke tsaye a yashi yana iya faɗuwa, rassa kuma suna karyowa.

Sai ƙananan halittu. Kaska tana laɓe a ciyawa da ƙananan tsirrai, cizonta yana iya sa wani ciwo da ake kira Laim. A sa dogon wando mai haske, a cusa ƙafarsa cikin safa, da an dawo gida ki duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu da bayan kunnen kowane yaro. In kin samu, ki kama ta da matsefata dab da fata ki ja a miƙe a hankali. Kada ki matse cikinta, kada ki shafa mata mai ko ki ƙona ta. Idan jan zobe ya fito yana faɗaɗa a wurin cikin wata guda, ko zazzaɓi ya zo, sai likita. A kudancin Turai, daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, akwai gizakar fayin da ke saukowa a jere, kai da wutsiya, daga farar sheƙar da take saƙawa a kan rassa. Gashinta yana kumbura fata da ido, yara kuwa jerin nan yana jan hankalinsu. A kalla daga nesa.

Shiga ruwa wani sha'ani ne daban, ban so ki haɗa shi da wannan fita ba sai inda akwai masu ceto da tutocinsu. Wurin da ruwa ya yi lumus tsakanin raƙuman ruwa sau da yawa nan ne yake komawa ciki da ƙarfi.

Guzurinki kaɗan ne: ruwan sha kamar rabin lita ga kowane babba a kowace awa, hula, man kare fata daga rana, don yashi da ruwa suna maido da hasken, rigar tare iska ko da kin fito da zafi, filasta, matsefata, da jakar kwaso shararku. Ki gaya wa wani inda za ku da lokacin dawowa. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar agajin gaggawa 112 ce. Fitar farko ki tsaya a kilomita uku, ki ga yadda ƙaramin ya yi, sannan ki ƙara.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa mini kan yara. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya yi miki albarka.

Mahaifinki